Mace Ta Farko A Tsakiyar Fili

Kafin mu yi nisa, masu cika min waya da wa'azi ku ɗan dakata. Na san kun ga hoton. Ni ce a tsaye cikin baƙaƙen kaya, hannuna a sama, wani bawan Allah kuma durƙushe a gabana da farar singileti. Kowa ya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashinsa, har da wata da ta ce irina ba ma aure, sai dai mu tsufa muna hura wa kaji usur. Na gode, 'yar'uwa, saƙonki ya iso. Yanzu ku gyara zama ku ji daga bakin mai abin.

Ni alƙaliyar wasan ƙwallo ce. Da safe ina koyar da motsa jiki a makarantar firamare, da yamma ina tsakiyar fili ina raba ƙarti ashirin da biyu rigima. A gida Auta suke ce min. A fili Alƙaliya, in kuma na busa abin da bai yi musu daɗi ba, su kira ni da sunan da ba zai rubutu a nan ba.

Baba ne ya ja min. Tsohon direban bas ne, kuma tarihin Kofin Gari a kansa yake kamar shi ya ƙera kofin. Tun ina ƙarama, in ya dawo aiki ya zare takalmi, sai ya ɗora ni a cinya ya fara. Shekarar da mai tsaron gida ya doka ƙwallo daga ragarsa, iska ta ɗauke ta har cikin ragar abokan karawa. Shekarar da ruwa ya tsinke ana tsakiyar wasan ƙarshe, aka dawo washegari aka ƙarasa a cikin taɓo. Shekarar da aka fara sa wasan a rediyo, mai sharhi ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, wani mai sayar da lemo ya karɓi abin maganar ya ƙarasa masa. Baba ba ya lissafin haihuwarmu da kalanda, da kofi yake yi. Yayata an haife ta shekarar taɓo, ni kuma shekarar da hannun kofin ya karye a hannun kyaftin ana tsakar ɗaukar hoto.

Wata rana na tambaye shi, "Baba, wace shekara ce mace ta busa wasan ƙarshe?"

Ya yi dariya har da tari. "Ba a yi wannan shekarar ba tukuna, Auta."

Shi ya manta da maganar, ni kuwa ta zauna min daram.

Umma tela ce. Kekenta yana ɗakin da ke kallon ƙofar falo, kuma rabin yaran unguwarmu da sunan da ta ɗinka musu a ƙirjin rigar makaranta suke yawo. A wurinta ƙwallo aikin marasa aikin yi ne, mace da usur kuwa jarrabawa ce Allah ya ɗora mata. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi gaba da ni, ta taɓa jefa takalmana masu ƙusa bayan katanga. Da ta ga ba ta ci riba ba, sai ta koma addu'a, Allah ya kawo mijin da zai cire ni daga rana.

Sai ga Bahago.

Kyaftin ɗin 'Yan Tasha ne, mai lamba tara, ƙafarsa ta hagu ce ta ba shi sunan. Haɗuwarmu ta farko kati na ba shi, don ya taso min yana cewa, "Ke, ina idonki?" Ba a jima ba firjinmu ya mutu, Baba ya fita neman mai gyara, ya dawo da wani dogo riƙe da jakar kayan aiki. Na fito daga kicin da ɗaurin zani da hular barci, muka yi ido huɗu. Ya sauke jakar a hankali ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi yau ban ce komai ba."

Daga ranar kayan gidanmu suka zama masu yawan ciwo. Yau fanka, gobe dutsen guga, jibi injin keken Umma yana wani ƙara da ita kaɗai take ji. Shi kuma ba ya cewa a'a. Ya zo da riga a goge yana ƙamshi, ya durƙusa ya gaida Baba, su ɓata awa guda suna musu a kan ƙwallon da aka ci tun ba a haife shi ba. Umma ta kai masa shayi a kofin da ko mijin Yaya ba a ba shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Ina son yadda yake dariya da dukkan fuskarsa, da yadda yake goge hannu a tsumma kafin ya taɓa labulen gidanmu. Amma akwai ƙa'ida, kuma shi ma ya san ta: alƙali ba ya busa gasar da ɗan'uwansa, ko mijinta, ko wanda aka yi wa alkawarinta yake bugawa. Garinmu kuma gasa ɗaya ce ke gare shi. In na ce masa to, na ajiye usur ke nan.

A bakin ƙofa na faɗa masa, ba kwana-kwana. "Kyaftin, babu komai tsakanina da kai. Ka zo ka gyara fanka, ka sha shayi, ka tafi."

"Har yaushe?"

"Har ranar da zan iya amsa maka ban yi asarar aikina ba."

"Wato sai na tsufa na daina wasa."

"Kai ka ce."

Na kuma je da ƙafata na sami Shugaba, tsohon da ke raba wa alƙalai wasanni, na ce masa akwai ɗan wasan da yake zuwa gidanmu, ban amsa masa ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Muddin ba ki amsa ba, 'yata, ba ki da laifi. Ranar da kika amsa, ki riga kowa zuwa ki faɗa min."

To wannan Shugaban ne ya kira ni ina cikin wankin safa. Ya ce kwamiti ya zauna, ni zan busa wasan ƙarshe na bana, 'Yan Tasha da Ma'aikatan Ruwa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa, "Ki sani ba kowa ya so ba. Akwai masu jira ki yi tuntuɓe su ce daman mun faɗa. In kika faɗi, ba ke kaɗai za ki faɗi ba, 'yan matan nan da kike koya wa riƙe tuta duk da su za ki faɗi."

Na ruga falo da kumfa a hannu na faɗa musu. Baba ya kashe rediyo, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Ashe da raina za a yi shekarar." Ya juya kai wai yana neman hularsa, alhali tana kansa.

Umma ko dakatar da keke ba ta yi ba.

"Umma, kin ji kuwa? Ni ce ta farko tun da aka fara kofin."

"Na ji. Sai a dafa miki farkon ki ci."

"Haba Umma."

"Haba me? Sa'anninki na goye da na biyu, ke kina murnar za ki yi tsere da maza a rana. Yaron kirki ya zo yana ta sintiri, takalminsa ya kusa cinyewa a ƙofar gidan nan, kin tsaya kina masa yanga da wani ɗan ƙarfe a wuya. Kina tsammanin zai jira ki har abada? 'Yan mata nawa ne suke rubibinsa a bakin fili?"

"Su ɗauka mana, ai ban ɗaure shi ba."

Ta tsayar da keken, ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan bakin naki, a gaban jama'a ne kaɗai zai mutu."

Na ɗauka faɗa ne irin na kullum, na wuce na ƙarasa wankina.

Da yamma saƙon Bahago ya shigo. "Alƙaliya, ina taya ki murna. Wallahi har tsalle na yi a shagon mutane."

Na rubuta masa, "Na gode. Daga yau har a tashi wasa, kada ka kira ni, kada ka turo saƙo, kada ka zo gidanmu ko da firjin wuta ya kama."

"An gama, ranki ya daɗe. Amma ranar zan ba ki mamaki."

"Mamakin da nake so shi ne ka buga wasa ba surutu."

Ya turo hoton fuska mai dariya har guda biyar. Na goge hirar gaba ɗaya, na kife wayar. Kuma ya cika alkawari, bai sake leƙo mu ba. Abin da ban lura da shi ba, Umma ce ta koma yawan fita unguwa, in ta dawo ta shige ɗakin ɗinki ta turo ƙofa.

Ranar wasa tun hantsi na shimfiɗa kayana a gado. Baƙar riga mai dogon hannu, dogon wando, ƙaramin hijabi mai kama kai wanda iska ba ta ɗaga shi, safa, agogo biyu, katin ɗorawa a aljihun ƙirji, ja a aljihun wando don kada hannu ya yi kuskure. Usur ɗin na wanke shi da ruwan ɗumi na rataya a wuya. Ina fitowa na ga abin mamaki: Umma cikin leshinta mai ruwan goro wanda sai babban taro take fito da shi, da sarƙa da awarwaro, tana fesa turare.

"Ina zuwa haka, Umma?"

"Kallon ƙwallo. Ko an hana tsofaffi?"

Wallahi sai da hawaye ya taru min. Na rungume ta ina cewa na gode, ta ture ni wai zan ɓata mata ɗauri. Na tafi fili zuciyata fes, ina cewa yau uwata ta sauko. Ku dai ku bar ni da wautata.

Ban taɓa ganin filin ya cika irin na ranar ba. Har kan katanga mutane, har kan rufin shagunan da ke bayan raga. Da muka fito ni da masu tuta biyu, mai lasifika ya ce, "Jama'a, yau ana kafa tarihi," wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihun "A koma kicin!" Can gefe na hango 'yan matan da nake koyarwa sun jeru da kayan makaranta suna tsalle. A rumfar manya kuma ga Baba, ga Umma, ga wata dattijuwa kusa da ita da na gane mahaifiyar Bahago ce. Na ce a raina, to, iyaye sun haɗu a kallo, ba laifi.

Wajen jefa kwabo Bahago ya miƙo hannu kamar bai taɓa ganina ba. "Barka da yamma, Alƙaliya."

"Barka, Kyaftin. Kai ko wutsiya?"

Na busa, aka fara.

Wasa ne mai zafi tun daga farko. 'Yan Tasha sun shekara da shekaru ba su taɓa kofin ba, Ma'aikatan Ruwa kuma su ke riƙe da shi. Kafin a tafi hutu Bahago ya biyo wani ɗan bayansu ya kwashe masa ƙafa ta baya. Ban ko yi tunani ba, na zaro katin ɗorawa. Ya ɗaga hannu alamar ya amsa laifi, ya wuce ba musu. Magoya bayansu suka zage ni tas, ni kuwa daɗi na ji, don duk mai shakka ya gani da idonsa.

Bayan an dawo, wasa ya yi nisa babu ci, sai aka ɗago wata ƙwallo daga kusurwa. Bahago ya tashi tare da mai tsaron bayan Ma'aikatan Ruwa, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, wancan ya zube yana ihun an ture shi. Ina kusa, na gani sarai, babu turi. Na yi alama da hannu a ci gaba. Ƙwallon ta faɗo gaban ƙafar hagun nan, ya ɗaɗa ta, raga ta motsa.

Filin ya kece da ihu. Ma'aikatan Ruwa suka yo kaina suna rantsuwa an yi ƙeta, na kore su, na juya ina tafiya tsakiyar fili ina rubuta lambar wanda ya ci. Sai na ji ihun ya canja. Na ɗago kai.

Bahago ne yake tahowa a guje. Bai je wajen magoya bayansa ba, bai tsaya wa abokansa ba, ni ya nufo. Yana zuwa gabana ya kama rigarsa ya cire ta ta ka, ya yar a ƙasa, ya zube a kan gwiwa ɗaya irin yadda suke gani a waya. A ƙirjin farar singiletinsa an ɗinka manyan haruffa da koren zare: ALƘALIYA, KI AURE NI.

Mai lasifika, Allah ya shirye shi, ya karanta wa duk filin. Nan take aka ɗauka da tafi da buga ƙafa, "Ki amsa! Ki amsa!"

Ni kuwa haruffan nake kallo. Tun ina aji ɗaya wannan ɗinkin yake ƙirjina, a kowace rigar makaranta da na taɓa sawa. Ko cikin duhu na shafa zan gane hannun Umma. Na waiga rumfar manya. Tana tsaye tana kaɗa mayafi, mahaifiyarsa na riƙe da hannunta suna dariya. Baba kaɗai ne a zaune, ya dafe kai.

A nan na gane komai. Ba kallona ta zo yi ba, zuwa ta yi ta ga an rufe min baki a gaban jama'a. Ta san ina da kunya, ta san ina son sa, ta kuma san in na gyaɗa kai sau ɗaya, usur ya bar wuyana ba tare da ta sake jefa takalmi bayan katanga ba.

Kyaftin ɗin Ma'aikatan Ruwa ya matso kusa da kunnena, yana huci. "Au, ashe haka ne? Shi ya sa ba ki ga turi ba. Ashe da surukai muke wasa."

Maganar ta soke ni fiye da duk zagin da aka taɓa yi min. Shekarun da na yi ina gudu da asuba, jarrabawar da na ci, wasannin ƙauye da na busa ana jifana da ɓawon rake, duk ga su a ƙasa kusa da rigar Bahago. Ko murmushi na yi a wurin nan, gobe babu mai cewa mace ta busa wasan ƙarshe. Cewa za a yi an ba wata yarinya usur ta ba saurayinta kofi.

Shi kuma yana durƙushe yana min wannan dariyar tasa, ko a jikinsa. Har ga Allah shi a ganinsa abin kirki ya yi.

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san hukuncin cire riga in an ci. Na sa hannu a aljihun ƙirji na ɗaga katin ɗorawa.

Filin ya fashe da dariya, an ɗauka wasa ne. Shi ma ya yi dariya, har da dafa ƙirji. Kocin 'Yan Tasha ne ya fara tunawa. Na hango shi a bakin layi ya ɗora hannu biyu a ka, ya durƙushe. Sai mai tsaron gidansu ya ƙwala ihu daga can, "Kyaftin, kana da ɗaya!"

Na ga lokacin da dariyar ta bar fuskarsa. Na kai hannu aljihun wando, na zaro jan, na ɗaga shi sama yadda na kan rufin shago ma zai gani. Hoton da kuke yawo da shi ke nan.

"Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Bai taɓa kirana da sunan gida a fili ba.

"Babu Auta a nan. Kati biyu ke gare ka, fita."

"Wallahi tallahi na manta da na farkon."

"Shi ya sa aka ba ni alƙalami."

"To amsata fa?"

"Lamba tara, ɗauki rigarka ka bar min fili."

Ya miƙe a hankali, ya ɗauki rigar, ya cire ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya miƙa wa na kusa da shi. Har ya shige ƙofar 'yan wasa bai waiwayo ba. Ina son in bi shi da gudu, ina kuma son in shaƙe shi, duka biyun a lokaci ɗaya. Na sa usur a baki na busa a ci gaba.

Sauran wasan ba sai na ja ku ba. Mutum goma ba su iya riƙe Ma'aikatan Ruwa ba. Aka farke, sannan dab da tashi aka ƙara musu ta biyu. Ledojin ruwa suka dinga sauka a bakin layi, ana kiran sunan uwata da na ubana. Ban rage ko daƙiƙa ba, ban ƙara ba, na busa tashi a inda ya kamata. Kyaftin ɗin da ya ce min surukai shi ya fara zuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yafe ni, Alƙaliya." Na wuce abina. Da na duba rumfar manya, kujerun Umma da mahaifiyar Bahago babu kowa.

A ɗakin alƙalai na zauna a benci ban ko kwance takalmi ba. Shugaba ya shigo ya rufe ƙofa.

"Busarki ba ta da aibi, 'yata. Da ni ne a wurin, abin da zan yi ke nan, sai dai ban sani ba ko hannuna zai iya."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Kada ki yi saurin godiya. Kwamiti zai zauna ranar Litinin, kuma tambaya ɗaya za su yi miki: akwai alkawari tsakaninki da yaron nan, ko za a yi? In akwai, muddin yana buga gasar nan, ke da ita sai kallo. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba zan karya ta don ke ba."

"Ban ce ka karya ba."

Na kunna waya, saƙonni suka dinga shigowa kamar an ɓalle famfo. Ban buɗe na kowa ba sai na Yaya. "Auta, ki taho gida yanzu. Falo cike yake da mutanen Bahago. Umma ce ta ce musu su zo ana tashi daga wasa, wai a yi magana tun da zafinta. Sun riga sun taho kafin su ji abin da ya faru. Don Allah ki canja kaya kafin ki shigo."

Daga shi kuwa babu ko harafi.

Ban canja ba. Na hau babur ɗin haya da kayana yadda suke, da gumina, da ƙurar fili a safa. Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Takalma a ƙofar falo sun yi layi har bakin famfo, a ƙarshensu kuma ga wasu masu ƙusa, ciyawa maƙale a jikinsu.

Umma na tsaye a bakin ɗakin ɗinki, ta cire sarƙa, idonta ya yi ja. Ta miƙo min doguwar riga da mayafi da hannu ɗaya, ta buɗe ɗayan.

"Ba ni wannan abin na wuyanki. Ki sa kaya, ki shiga ki durƙusa ki ba su haƙuri."

"Haƙurin me, Umma?"

"Kin kunyata yaro a gaban duniya. Kin kunyata uwarsa, kin kunyata ni. Kwana nawa na yi ina ɗinkin nan, idona har ruwa yake."

"Na gani. Ya yi kyau, ko zare ɗaya bai karkace ba." Na dubi leshin jikinta. "Umma, rana ɗaya tak na roƙa a rayuwata. Da kika sa leshin nan na ɗauka don ni kika sa."

"Don ke na sa mana! Gata nake miki, ke ba ki sani ba."

"To na gode da gatan. Usur ɗin dai ba zan cire ba."

"Auta, in kika shiga falon nan a haka…"

Na ɗaga labule na yi sallama.

Dattawa huɗu ne a kan kujeru, Baba a gefe yana jan carbi, mahaifiyar Bahago ta juya fuska bango. Shi yana zaune a ƙasa kusa da firjin, ya sa rigar wani a kan singiletin, koren zaren yana leƙowa ta wuya. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya min, usur ɗin yana lilo a ƙirjina.

Babban cikinsu, kawunsa, ya yi gyaran murya. "Yarinya, abin da ya faru a fili ya faru. Yaro ya yi wauta, ke ma kin yi zafin hannu, an yi asarar kofi, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mu ba ƙwallo ta kawo mu ba. Ya ce har yanzu yana kan bakansa. Mahaifinki kuma ya ce shi ba zai amsa da bakinki ba. To ga mu, amsa muke so. In an daidaita, sai ki huta da wannan wahalar ta rana."

Na dubi Baba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Kawu, ku gafarce ni," na ce. "Ina son sa. Ban taɓa faɗa masa ba, yau na faɗa a gabanku." Na ji Umma ta sauke ajiyar zuciya a bayan labule, Bahago ya ɗago kai da sauri. "Amma doka ta ce ni da shi ba ma haɗa fili in akwai aure. Dole ɗaya ya fita. Kowa a ɗakin nan ya riga ya yanke cewa ni ce, ba a ko tambaye ni ba."

Na juya na fuskance shi.

"Kyaftin, kai ka yi shekara goma kana buga kofin nan. Ni yau na shigo, kuma ba inda za ni. Kai ka kai maganar gaban jama'a, to ga jama'a. Faɗa musu da bakinka wanda zai ajiye."

Umma ta saki salati a bayan labule. Kawun ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Alhaji," ya ce. "Shi aka tambaya."